Yadda Kamfanonin Sadarwa ke Gano Tangarɗar Sabis da Magance ta da Manhajojin Sa Ido

A duk lokacin da sabis ya ɗauke, abin da mai waya ke gani bai wuce kira ya ƙi shiga, ko saƙo ya maƙale, ko na'urar POS ta ƙi tura kuɗi ba. A ɓangaren kamfanin sadarwa kuwa, a daidai wannan daƙiƙar ɗaruruwan gargaɗi ne ke kwarara cikin wata cibiya da injiniyoyi ke zaune dare da rana gaban manyan allunan kwamfuta. Tsawon lokacin da jama'a za su kwashe babu sabis ya dogara ne a kan abubuwa uku: saurin ganin matsalar, saurin gano ainihin inda take, da saurin isa wurin a gyara. Manhajojin kula da hanyoyin sadarwa su ne ke ɗaukar nauyin biyun farko, kuma a wasu lokutan har na ukun.

Batun ya wuce na ƙwararru kaɗai. Kafin gwanjon lasisin wayar salula na watan Janairun 2001, layukan waya a Najeriya ba su wuce kimanin dubu 400 ba, mafi yawansu na kamfanin NITEL. A yau layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Tura kuɗi ta banki, rajistar jarrabawar JAMB, tantance lambar zama ɗan ƙasa ta NIN da kiran lambar gaggawa ta 112 duk a kan waɗannan layuka suke tafiya. Tsarin da ya kai wannan girma ba ya yiwuwa a kula da shi da ido da ƙafa kaɗai.

Abin da ake sa wa ido

Hanyar sadarwar wayar salula ta kasu kashi uku. Na farko shi ne turakun sadarwa da ake gani a unguwanni da gefen tituna, ɗauke da eriya da na'urorin rediyo da ke magana kai-tsaye da wayar hannu. A kan turke guda ana iya samun kayan 2G da 3G da 4G, a wasu biranen har da 5G, wadda MTN ya fara ƙaddamarwa a 2022, Airtel ya biyo baya a 2023.

Kashi na biyu shi ne hanyoyin da ke ɗaukar saƙo daga turke zuwa cibiya. Akwai wayar faiba, wato siririn zaren gilashi mai kaurin gashin mutum da ake binnewa a gefen hanya, wanda haske ke bi ta cikinsa ɗauke da murya da bayanai. Akwai kuma fararen farantan da ake ɗaurawa a jikin turaku, masu aika saƙo ta iska daga wannan turke zuwa wancan, muddin suna hangen juna.

Kashi na uku shi ne zuciyar tsarin: manyan kwamfutocin da ke tantance layi, su haɗa mai kira da wanda aka kira, su lissafa kati da data, su kuma buɗe ƙofa zuwa intanet ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai lantarki. Mafi yawan turakun Najeriya na dogaro ne da janareta da batura, wasu da hasken rana, saboda wutar gwamnati ba ta wadatarwa. Da yawa daga cikin turakun ma ba mallakar kamfanonin waya ba ne. Kamfanoni irin su IHS Towers da ATC ne ke riƙe da su suna bayarwa haya, ta yadda turke ɗaya kan ɗauki kayan kamfanoni biyu ko uku. Shi ya sa idan janaretan turke guda ya mutu, masu layuka daban-daban a unguwa ɗaya kan rasa sabis a tare.

Yadda manhajar ke samun labari

Kowace na'ura da ke cikin tsarin tana ɗauke da wata ƙaramar manhaja mai aikin wakili. Wakilin ne ke riƙe da bayanan halin da na'urar ke ciki: zafinta, yawan bayanan da ke wucewa ta cikinta, kurakuran da ta ci karo da su, da ƙofofinta da ke aiki da waɗanda suka mutu. Babbar manhajar da ke cibiya tana samun wannan labari ta hanyoyi biyu. Ko dai ta riƙa zagayawa tana tambayar kowace na'ura lokaci-lokaci, galibi duk bayan 'yan mintoci, ko kuma na'urar da kanta ta aiko da saƙon gaggawa nan take idan wani abu ya faru. Idan aka tambayi na'ura sau da dama ta yi shiru, shirun ma labari ne.

Harshen da aka fi daɗewa ana wannan magana da shi shi ne ƙa'idar SNMP, wadda aka fitar a 1988. Zubinta na farko ba shi da tsaron kirki, domin kalmar sirrin a fili take tafiya, sai a zubi na uku aka ƙara tantancewa da ɓoye saƙo. Daga baya aka samu ƙa'idar NETCONF a 2006, wadda ta fi dacewa da sauya saitin na'urori daga nesa. Sababbin na'urori kuma ba sa jiran tambaya, suna turo bayanansu ne babu ƙaƙƙautawa, abin da ke ba injiniya damar ganin canjin da ya auku cikin daƙiƙoƙi. Ban da wannan, kowace na'ura tana rubuta duk abin da ya same ta a wani kundi tare da lokacin aukuwarsa. Wannan ne ya sa ake daidaita agogon dukkan na'urori da agogo guda, domin idan agogo ya saɓa, ba za a san abin da ya riga wani faruwa ba.

Manhajojin hawa-hawa ne. Kowane kamfanin da ke ƙera kayan sadarwa yana sayar da manhajar da ke kula da nasa kayan: Huawei na da jerin iManager, Ericsson na da ENM, Nokia na da NetAct. Da yake kamfanin waya ɗaya kan yi amfani da kayan masana'antu daban-daban, sai a ɗora wata manhaja a samansu wadda ke tattara rahotanninsu a allo guda. Bankuna, jami'o'i da ƙananan kamfanonin intanet kuwa sukan yi amfani da manhajoji irin su Zabbix da Nagios, waɗanda ake samu kyauta, ko na kuɗi irin su PRTG da SolarWinds.

Tun a shekarun 1980 Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya, ISO, ta kasa wannan aiki gida biyar, kuma har yau a kan wannan kaso ake koyar da shi. Akwai kula da tangarɗa, akwai kula da saitin na'urori, akwai lissafin abin da kowa ya yi amfani da shi, akwai auna ingancin aiki, sannan akwai tsaro. Wurin da ake gudanar da su shi ne cibiyar sa ido, wadda ma'aikatan fannin ke kira NOC, inda ake aikin karɓa-karɓa sa'o'i 24 ba hutun Sallah ba na Kirsimeti.

Daga ambaliyar gargaɗi zuwa tushen matsala

Ba duk gargaɗi ne ke da nauyi ɗaya ba. Bisa ƙa'idar Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ana jera su daki-daki: mai tsanani, wanda ke nufin aiki ya tsaya, babba, wanda ke nufin aiki ya raunana ƙwarai, ƙarami, wanda bai taɓa masu waya ba tukuna, sai kuma na jan kunne kawai. A allo galibi ana nuna mai tsanani da launin ja.

Babbar wahalar aikin ita ce yawan gargaɗin. A ɗauka, alal misali, motar haƙa ƙasa ta wani ɗan kwangilar titi ta tsinka wayar faiba tsakanin Kaduna da Zariya. Na'urorin da ke bakin wayar ta ɓangarorin biyu za su ce haske ya ɗauke. Na'urorin da ke tsara hanyar da bayanai za su bi za su ce maƙwabcinsu ya ɓace. Duk turken da ke shan ruwa ta wannan waya zai daina amsa tambaya, kuma kowane turke na da ɓangarori da dama da kowannensu zai haifar da nasa gargaɗin. Cikin minti guda allo na iya cika da ɗaruruwan jajayen layuka, alhali abu ɗaya ne tak ya faru. Injiniyan da ya bi su ɗaya bayan ɗaya zai tura ma'aikata turaku arba'in da lafiyarsu ƙalau.

A nan ne amfanin manhajar ke fitowa fili. Tana riƙe da taswirar tsarin gaba ɗaya, ta san wane turke ne ke rataye a kan wace waya. Sai ta dubi lokacin da kowane gargaɗi ya iso da kuma matsayin na'urar da ta aiko shi a taswirar, ta ware gargaɗin da ya zama uwa, ta tattara sauran a ƙarƙashinsa a matsayin 'ya'ya. Abin da injiniya zai gani a ƙarshe layi ɗaya ne: waya ta tsinke a hanya kaza, turaku kaza sun faɗi saboda ita. Wannan tacewa ba ta inganta sai taswirar ta kasance daidai. Idan an ƙara sabon turke ko an karkatar da waya ba a shigar cikin kundin kaya ba, manhajar za ta nuna wa injiniya inda ba nan ba.

Da an gano tushen, sai a buɗe tikitin aiki mai ɗauke da lamba, da lokaci, da girman matsalar, da wanda aka ɗora wa alhakin gyara. Ma'aikatan matakin farko kan gwada abin da za a iya yi daga nesa, kamar kashe na'ura a sake kunna ta, ko mayar da ita kan tsohon saitinta, ko karkatar da zirga-zirga zuwa wata hanyar. Idan abin ya faskara, sai a miƙa wa ƙwararrun mataki na biyu, daga nan zuwa kamfanin da ya ƙera na'urar. Idan lokacin da aka ɗiba wa tikiti ya cika ba a rufe shi ba, manhajar da kanta take sanar da shugabanni na gaba.

Wani sashe na gyaran ma ba ya jiran ɗan'adam. Ana shimfiɗa manyan wayoyin faiba ne a siffar zobe, ta yadda kowane gari ke da hanya biyu zuwa cibiya. Idan ɗaya ta tsinke, na'urori kan juya zuwa ɗayar cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa, mai magana a waya ma ba zai lura ba. Matsala na tasowa ne idan zoben ya tsinke a wuri biyu a lokaci guda, ko kuma hanyar da ta rage ta kasa ɗaukar nauyin duka. A ranar 28 ga Fabrairun 2024, masu layin MTN a sassan ƙasar da dama sun shafe sa'o'i babu sabis, kuma kamfanin ya danganta lamarin da tsinkewar wayoyin faiba a wurare da yawa.

Kayan binciken injiniya

Ƙa'idar bincike ita ce a fara daga ƙasa. Akwai wuta? Waya na haɗe? Haske na isowa? Sai an tabbatar da waɗannan ake hawa zuwa batun adireshi da saiti da manhaja. Tambaya ta biyu da ƙwararren injiniya ke yi ita ce: me aka canja kwanan nan? Kaso mai yawa na tangarɗa na biyo bayan wani gyara ne da aka yi da kyakkyawar niyya.

Mafi sauƙin kayan aikin shi ne ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983. Yana aika ɗan ƙaramin saƙo zuwa wata na'ura ya jira amsa, ya faɗi ko ta amsa da tsawon lokacin da ta ɗauka. Traceroute, wanda Van Jacobson ya samar a 1987, yana jera duk zangon da saƙo ya yada a kan hanyarsa, don a ga inda ya tsaya ko ya yi jinkiri. Idan ana son a ga abin da na'urori biyu ke faɗa wa juna filla-filla, sai a yi amfani da manhaja irin Wireshark, wadda ke kama saƙonnin da ke wucewa ta baje su.

Ga wayar faiba kuwa, akwai na'urar OTDR. Tana harba ɗan haske cikin zaren, ta auna lokacin da wani sashe nasa ya ɗauka kafin ya dawo daga inda zaren ya karye. Da yake haske na gudun kimanin kilomita dubu 200 a daƙiƙa a cikin gilashi, lissafin ba shi da wuya: idan hasken ya je ya dawo cikin kashi uku cikin dubu goma na daƙiƙa, to karayar tana nisan kusan kilomita 30. Idan aka ɗora wannan nisa a kan taswirar inda aka binne wayar, ma'aikata za su nufi wurin kai-tsaye maimakon su bi hanya suna dube-dube. A can za su tono wayar, su feƙe bakin kowane zare, su narka su manne da wata na'ura ta musamman. Waya ɗaya na iya ƙunsar zare 24 ko 48 ko fiye, kuma kowanne sai an haɗa shi da ɗan'uwansa.

Matsalar da ba ta kaɗa ƙararrawa

Yawancin ƙorafin masu waya ba na ɗaukewar sabis ɗungurungum ba ne. Sabis ya cika a fuskar waya amma intanet na jan ƙafa, ko kira na yankewa ana tsakiyar magana. A irin wannan yanayi babu na'urar da ta mutu, saboda haka babu jan layi a allo. Alƙaluman ingancin aiki ne ke tona asirin matsalar. Kowane turke na ƙirga kiran da aka nema da wanda ya shiga, da wanda ya yanke, da wanda ya yi nasarar tsallakawa zuwa turke na gaba yayin da mai waya ke tafiya, da kuma cunkoson da aka samu. Manhajar na tattara waɗannan alƙaluma, galibi duk minti 15 ko duk sa'a, ta kwatanta su da abin da aka saba gani a wannan turke a irin wannan lokaci.

Sanin abin da aka saba gani shi ne ginshiƙin aikin. Turken da ke kusa da kasuwar Kantin Kwari a Kano ko ta Onitsha na cika da rana ya yi sakayau da dare, na unguwannin zama kuma akasin haka. Idan turken kasuwa ya nuna babu kira ko ɗaya da tsakar ranar Litinin, to ko da bai aiko da gargaɗi ba, akwai abin dubawa. Injiniyoyi na kiran irin wannan turke mai barci: a ido yana raye, amma ba ya karɓar kowa. Haka kuma alƙaluman na nuna inda jama'a suka yi wa turke yawa, don a ƙara masa ƙarfi ko a kafa wani kusa da shi. Lokutan bukukuwan Sallah da Kirsimeti, da mutane ke barin birane zuwa garuruwansu, cunkoso kan koma inda ba a saba ganinsa ba.

Yanayi ma na da tasiri. Ruwan sama mai ƙarfi na raunana saƙon da farantan turaku ke aika wa juna, iska kuma na iya karkatar da faranti daga saitinsa. Idan jadawali ya nuna ƙarfin saƙo na faɗuwa duk lokacin da aka yi hadari sannan ya dawo, an san ruwa ne. Idan ya faɗi bai dawo ba, sai a tura mai hawa turke. Akwai kuma gwajin da ake yi da mota, inda injiniyoyi ke zagaya tituna da wayoyi na musamman suna auna sabis kamar yadda mai waya ke samunsa.

Lantarki da tsaron turaku

A ƙasashe masu tsayayyiyar wuta, lantarki ƙaramin babi ne a aikin sa ido. A Najeriya babban babi ne. Ana sanya na'urori a turaku masu aiko da rahoton yawan dizal da ya rage a tanki, da ƙarfin batura, da ko janareta ya tashi, da zafin akwatin kaya, da ko an buɗe ƙofa. Gargaɗin lantarki yakan zo ne a jere: wutar gwamnati ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, batir ya fara sauka, sannan turke ya mutu. Tsakanin gargaɗi na biyu da na ƙarshe akwai 'yan sa'o'i, gwargwadon lafiyar baturan, kuma a cikinsu ne cibiya ke da damar tura mai gyara kafin jama'a su san an yi wani abu. Idan dizal ya ragu da yawa cikin 'yan mintoci da tsakar dare, wannan alamar sata ce.

Sai dai ganin matsala daban, isa gare ta daban. A yankunan da ke fama da rashin tsaro, turke na iya shafe kwanaki a kashe ana ganinsa a allo, saboda babu mai iya kai masa mai. A watan Satumban 2012 mayaƙan Boko Haram sun kai hare-hare kan turakun sadarwa a wasu jihohin Arewa. Akwai kuma katsewar da ba tangarɗa ba ce: a watan Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanoni su rufe sabis a Jihar Zamfara saboda aikin jami'an tsaro.

Darasin 14 ga Maris na 2024

A ranar Alhamis, 14 ga Maris na 2024, wayoyin ƙarƙashin teku huɗu, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace a gaɓar tekun Kwaddibuwa. Intanet ya yi rauni ko ya ɗauke a Najeriya da Gana da Laberiya da Benin da wasu ƙasashen yankin, harkokin wasu bankuna suka tsaya cik. Gyaran waya a ƙarƙashin teku aikin jirgin ruwa ne na musamman, kuma ya ɗauki makonni.

Amma sabis ya fara dawowa tun kafin a gama gyaran. Abin da cibiyoyin sa ido suka yi shi ne duba hanyoyin da suka tsira, irin su Glo-1 da Equiano ta kamfanin Google wadda ta iso Legas a 2022, suka nemi ƙarin gurbi a kansu, suka karkatar da zirga-zirga, suna auna cunkoso sa'a bayan sa'a. Lamarin ya nuna cewa manhaja na iya karkatar da kaya ne kawai zuwa hanyar da take akwai. Kamfanin da ya sayi gurbi a wayoyi biyu da ke bi ta mashigi ɗaya a teku yana zaton yana da hanya biyu, alhali ɗaya ce.

Idan maganin ya zama cuta

Manhajar da ke iya gyara na'urori dubu da umarni guda tana iya kashe su da umarni guda. A ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram sun ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan sa'o'i shida. Kamfanin ya bayyana cewa wani umarni da aka bayar yayin aikin kulawa na yau da kullum ne ya katse hanyoyin da ke haɗa cibiyoyinsa, kuma manhajar da ya kamata ta tare irin wannan kuskure ta gaza. Kayan binciken injiniyoyin ma sun tafi tare da tsarin, sai da aka tura mutane cibiyoyin da ƙafarsu.

Saboda irin wannan ne ake da ƙa'idojin canji. Ana rubuta duk gyaran da za a yi, wani ya duba ya amince, a ajiye kwafin tsohon saiti, a gwada a ƙaramin yanki, a yi aikin da tsakar dare lokacin da masu waya suka yi ƙaranci, a kuma tanadi hanyar komawa baya. Ana kuma keɓe wa manhajar sa ido wata hanya tata ta daban, don kada ta makance a ranar da aka fi buƙatarta.

Haɗari na biyu shi ne kutse. Manhajar sa ido na riƙe da mabuɗan kusan kowace na'ura, don haka wanda ya mallake ta ya mallaki gidan. A watan Disamban 2020 aka gano cewa masu kutse sun cusa muguwar manhaja cikin sabuntawar Orion ta kamfanin SolarWinds, kuma abokan cinikin kamfanin kimanin dubu 18 sun sauke ta, ciki har da ma'aikatun gwamnatin Amurka irin su ta Baitulmali da ta Kasuwanci. Wannan ya sa ake taƙaita masu ikon shiga, ana rubuta duk umarnin da kowa ya bayar, ana kuma buƙatar tantancewa fiye da kalmar sirri.

Doka da haƙƙin masu waya

Dokar Sadarwa ta Najeriya ta 2003 ta ba NCC ikon gindaya ma'aunin ingancin sabis da hukunta kamfanin da ya gaza. Alƙaluman da hukumar ke dubawa, kamar kason kiran da ke shiga da na wanda ke yankewa, daga waɗannan manhajoji suke fitowa. Ana auna tsayuwar aiki da kaso cikin ɗari, kuma ɗan bambanci a rubuce babba ne a aikace. Kashi 99.9 na nufin kusan sa'o'i tara babu aiki a shekara, yayin da kashi 99.999, wanda ake nema ga zuciyar tsarin, bai wuce minti biyar da 'yan daƙiƙoƙi ba.

A 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan umarnin da ya saka kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ke karewa, wanda ya sa lalata su da gangan ya zama babban laifi. A farkon 2025 Ma'aikatar Ayyuka da Ma'aikatar Sadarwa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa don kare wayoyin faiba yayin aikin tituna. A shekarar kuma NCC ta umarci kamfanoni su riƙa sanar da jama'a duk wata babbar katsewa, da dalilinta, da yankin da ta shafa, da lokacin da ake sa ran gyarawa, su kuma biya diyya, kamar ƙarin wa'adin data, idan katsewar ta wuce sa'o'i 24.

Ƙorafin masu waya shi ma wani ɓangare ne na sa idon, domin yakan tona matsalar da na'ura ba ta gani ba. Ƙorafin da ya fi amfani shi ne wanda ya faɗi unguwa ko titi, da lokacin da abin ya fara, da ko kira ne ko data, da ko maƙwabta masu layi iri ɗaya na fama da shi. Ana fara kai shi ga kamfanin, a karɓi lambar ƙorafi. Idan ba a samu biyan buƙata ba, ana iya kiran NCC kyauta a lamba 622 tare da wannan lambar.